Yadda ake zaɓar filin da jirgi zai sauka idan barazanar tsaro ta taso ana sama

A ce jirgi yana can sama ƙafa 35,000, an gama raba abinci an rage fitilu, rabin fasinjoji sun yi barci, sai ɗaya daga cikin ma'aikatan jirgin ta leƙa bayi kamar yadda suke yi lokaci zuwa lokaci, ta tarar an rubuta a jikin takardar goge hannu cewa akwai bam a jirgin nan. Ba za ta yi ihu ba, ba kuma za ta ruga da gudu ba, kulle bayin za ta yi ta bar takardar yadda ta same ta, ta sanar da shugabar ma'aikata, ita kuma ta ɗaga wayar nan ta jikin bango ta kira ɗakin tuƙi. Daga wannan kiran zuwa lokacin da kyaftin zai ce ga filin da za mu sauka, wani lokacin minti goma ma bai cika ba, kuma a cikin waɗannan 'yan mintunan ne ake yin duk lissafin da zan yi bayani a nan. Zan ɗauke ka a matsayin kai ne kan kujerar kyaftin ɗin don abin ya fi saurin shiga.

Kafin komai ka riƙe jirginka. Matuƙa suna da tsarin da ake dasa musu tun suna makaranta, tuƙi tukuna, sannan sanin inda ka dosa, sannan magana. Toh sai ku raba aiki kai da mataimakinka, ɗaya ya ci gaba da tuƙi da amsa rediyo, ɗayan ya fuskanci matsalar, ƙofar ɗakin tuƙi kuwa a kulle take kuma a kulle za ta zauna ko me ke faruwa a baya, wannan doka ce da aka tsaurara tun bayan harin 11 ga Satumban 2001.

Sai tambayar da komai ya rataya a kanta, wace irin barazana ce? Domin amsar ita ce za ta gaya maka ko kana da awa uku ko minti ashirin. Hukumar ICAO, wato hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da sufurin jiragen sama, ta kasa fitinar fasinja kashi huɗu: mai tada hankali da baki kawai, mai kai hannu ya daki wani, mai barazana ga rai kamar wanda ya fito da makami, sai na huɗu wanda ya yi yunƙurin kutsawa ɗakin tuƙi. Na farko yawanci ba ya sa a sauka, gargaɗi ake masa a ci gaba da tafiya 'yan sanda su tarbe shi a can. Na biyu ya danganta, idan an samu an ɗaure shi ya natsu ana iya ƙarasawa. Na uku da na huɗu kam babu wani dogon tunani, ƙasa za a nema. Barazanar bam kuma nata ma'aunin daban ne, kamfanoni suna da mutanen da aka horar musamman su auna saƙon, shin ya ambaci lambar jirgin, shin akwai wani bayani a ciki wanda ba kowa ne zai sani ba, ta ina ya zo, kuma kamfanoni da dama launi suke ba shi, kore ko ruwan ɗorawa ko ja. Gaskiya mafi yawan irin waɗannan saƙonnin ƙarya ne, amma kai da kake sama da ɗaruruwan rayuka a bayanka ba ka da damar cewa ai ƙarya ce sai an tabbatar, musamman idan a cikin jirgin aka tsinci takardar ko aka ga wani abun da ba a gane ba, tunda hakan na nufin wanda ya ajiye ya taɓa shiga jirgin ko ma yana zaune a ciki yanzu haka.

Kana cikin wannan za ka sanar da ƙasa. Masu kula da zirga-zirgar jirage da kake magana da su a rediyo su ne na farko, in abin ya kai ka ce Mayday sau uku, in bai kai can ba amma na gaggawa ne ka ce Pan-Pan, sannan akwai lambobin da ake sawa a na'urar da ke nuna jirgi a rada, 7700 larura ce ta gaggawa kowace iri, 7600 rediyo ya mutu, 7500 kuma an yi fashin jirgi. Da zarar sun ji, za su fara kawar maka da sauran jirage daga hanya. Na biyu kamfaninka ne, akwai ofishi da ba ya rufewa dare da rana inda ake bin kowane jirgi, kana iya kiransu ta wayar tauraron ɗan adam ko ka tura rubutaccen saƙo ta na'urar ACARS, su ne ke da kwamfutoci a gabansu da yanayin kowane fili da sanarwar wane titi aka rufe yau, kuma su ne za su kira jami'an tsaro. Amma duk shawara suke ba ka. Hukuncin ƙarshe na kyaftin ne, Yarjejeniyar Tokyo ta 1963 ma ta ba shi ikon sa a ɗaure fasinja da sauke shi da miƙa shi ga hukuma.

Yanzu mu zo kan zaɓen filin, inda mutane suka fi yin kuskuren fahimta. Duk sanda labari ya fita za ka ji ana cewa ai ga wani fili nan a ƙarƙashinsu me ya sa suka wuce shi. Toh jirgi ba dutse ba ne da zai faɗo kai tsaye. Lissafin da matuƙa ke yi a ka shi ne duk ƙafa 1,000 da za ka sauko kana buƙatar tafiyar mil 3 na ruwa, kenan daga ƙafa 35,000 kana buƙatar sama da mil 100, kusan kilomita 200, da minti ashirin zuwa ashirin da biyar. Saboda haka filin da ke ƙarƙashinka daidai da wanda ke gabanka kilomita 200 duk kusan lokaci guda za ka taka su, tunda na ƙarƙashin sai ka yi ta zagaye kana saukowa. Da minti ake auna kusanci a sama. Kuma kalmar da ke cikin littattafan matuƙa ita ce fili mafi kusa wanda ya dace, wannan "ya dace" ɗin nan shi ne aikin gaba ɗaya.

Fara da titin sauka, zai ɗauke ka? Tsawonsa, faɗinsa, ƙarfin kwaltarsa, jiƙe yake ko busasshe, sannan nauyinka a wannan lokacin. Nan akwai abin da fasinja da yawa ba su sani ba, nauyin da aka yarda jirgi ya tashi da shi ya fi wanda aka yarda ya sauka da shi. Boeing 777-300ER misali yana iya tashi da tan 351 amma iyakar nauyin saukarsa wajen tan 251 ne, tan ɗari kenan a tsakani, wanda a tafiya ta yau da kullum man da aka ƙona a hanya ne ke cike wannan giɓin. In barazanar ta zo awa ɗaya da tashi, tankunan a cike suke. Manyan jirage irinsa suna iya zubar da mai a sama ta fukafukai amma shi ma yana cin lokaci, ƙanana irin Boeing 737 da Airbus A320 kuwa ba su da wannan na'urar kwata-kwata. To ka zaɓa, ka tsaya rage nauyi ko ka sauka da nauyinka. In har ka yarda akwai abun fashewa a jirgin, ba za ka tsaya zagaye kana ƙona mai ba, za ka sauka da nauyin a haka, an ƙera jiragen su jure hakan sai dai injiniyoyi su duba daga baya, amma fa kana buƙatar titi mai tsawo sosai domin gudun saukarka zai ƙaru kuma birki zai yi zafi ƙwarai. Ka ga nan take ƙananan filaye da yawa sun fita daga lissafi.

Sai yanayi. Hazo, iska mai bugowa daga gefe, hadari, ƙanƙara, da ko filin yana da na'urar da ke jagorantar jirgi har bakin titi idan ba a gani sosai. Wannan ba wani abu mai tsawo ba ne, ko dai ana iya sauka ko ba a iyawa, kuma ba wanda zai so ya je ya kasa sauka ya sake tashi sama da abin da yake zargi bam ne a bayansa.

Man jirgi kuma nasa lissafin ya fi rikitarwa in bam ake zargi, ga dalili. A can sama iskar cikin jirgi an matse ta ne, fasinja yana jin kamar yana kan tudu mai ƙafa 6,000 zuwa 8,000 alhali a waje iskar ta yi siriri sosai, wato jikin jirgin kamar balan-balan yake da aka hura. In wani abu ya fashe a wannan halin, matsin da ke ciki shi zai taimaka wajen yage jikin. Shi ya sa tsarin shi ne a sauko ƙasa-ƙasa don bambancin matsin ciki da na waje ya ragu. A Fabrairun 2016 bam ya tashi a cikin jirgin Daallo Airlines jim kaɗan bayan ya bar Mogadishu, ya huda rami a gefen jirgin, amma da yake bai kai can ƙololuwa ba jirgin bai wargaje ba, matuƙan suka juyo suka sauka, wanda ya ɗauko bam ɗin shi kaɗai ya mutu. Matsalar ita ce jirgi a ƙasa-ƙasa yana shan mai fiye da kima kuma gudunsa na raguwa, in kuma akwai duwatsu a ƙarƙashinka ba za ka iya saukowa yadda kake so ba sai ka wuce su. Filin da a sama mai zai kai ka cikin sauƙi, da ka sauko sai ka ga lissafi ya canza. Dole ka sake bugawa, ka tabbatar za ka isa da ragowar man da doka ta ce, wanda na ƙarshensa shi ne na zagayen minti 30. In an ga abin da ido kuma, kowane irin jirgi akwai wurin da masu ƙera shi suka ware inda ɓarnar za ta fi sauƙi, ma'aikata an koya musu abin da za su yi, kuma za a matsar da fasinjoji nesa da wurin.

Idan a tsakiyar teku kake zaɓin ma ba shi da yawa. Jirage masu inji biyu da ke ƙetare teku tun kafin su tashi an riga an rubuta musu filayen da za su nufa in wani abu ya faru, ƙarƙashin ƙa'idar da ake kira ETOPS, da yawansu an yarda su yi nisan minti 180 daga fili mafi kusa, Airbus A350 ma an ba shi har minti 370. Waɗannan filayen don lalacewar inji aka zaɓe su amma su ɗin dai ne za ka duba yau, shi ya sa sunaye irin su Shannon a Ayaland da Keflavik a Aisland da Gander a Kanada suke yawan fitowa a labaran jiragen da ke ƙetare Atlantika.

To an samu titi, yanayi ya yi, mai zai kai. Saura tambayar da ni a ganina ta fi duk sauran nauyi a harkar tsaro, kuma ita ce ta bambanta wannan da saukar lalacewar inji: in na sauka, sai me? Wa zai tarbe ni?

'Yan kwana-kwana na farko. Filayen jirgi an kasa su mataki 1 zuwa 10 gwargwadon motoci da ruwa da kumfar kashe gobarar da suke da su, 737-800 na mataki na 7 ne, 777-300 na 9, A380 na 10. A halin gaggawa kana iya sauka a wanda bai kai matakinka ba, amma ka san abin da ka sayo. Sai 'yan sanda masu makamai, masu kwance bam, karnuka masu sinsino, asibiti a kusa, jami'an shige da fice domin mutanen nan ba su da bizar ƙasar da za ka kai su, matakalar da ta kai tsayin ƙofar jirginka, motocin bas da za su kwashe mutum 300 daga tsakiyar fili. Matakalar nan kar ka raina ta, in babu ita sai dai a buɗe robar nan da ake hurawa a sulalo, kuma kusan duk sanda aka yi haka sai an samu wanda ya gurɗe ko ya karye, musamman tsofaffi. Sannan filin yana da keɓaɓɓen wurin ajiye jirgi? Ƙa'idar ICAO ta ce kowane fili ya ware wurin da za a kai jirgin da ake zargi, nesa da gine-gine da sauran jirage da aƙalla mita 100, kuma ba a kan bututun mai ko wayoyin lantarki ba.

Wasu ƙasashen ma sun riga sun yanke maka wannan shawarar tun kafin ka taso. A Birtaniya filin Stansted da ke arewa maso gabashin Landan shi aka ware, da Prestwick a Sikotland. Titin Stansted ya ɗan haura mita 3,000, yana da wurin da za a ajiye jirgi can nesa da ginin fasinjoji, 'yan sandan yankin sun saba da aikin, kuma kai jirgin can yana nufin ba a tsayar da Heathrow, babban filin jirgin Landan, ba balle a bi da shi ta saman tsakiyar birni. A Fabrairun 2000 jirgin Ariana na Afganistan da aka yi fashinsa can ya ƙare da mutum sama da 150 a ciki, aka yi kwanaki ana tattaunawa har kowa ya fito da ransa. A Mayun 2013 jirgin Pakistan da ya taso daga Lahore zai je Manchester, ya kusa isa ma, aka juya shi Stansted jiragen yaƙi na rakiyarsa. Wanda ke kallon taswira zai ce ai Manchester ta fi kusa, eh ta fi, amma kayan aikin da mutanen suna Stansted. A ranar 11 ga Satumban 2001 da Amurka ta rufe samaniyarta, Kanada ma irin tunanin da ta yi kenan, ta kawar da mafi yawan jiragen da suka nufo Amurka daga Toronto da Montreal da Ottawa ta tura su wasu filayen, Gander kaɗai garin da mutanensa wajen 10,000 ne ya karɓi jirage 38 da mutum kusan 6,600.

Jiragen yaƙin nan da ke rakiya, in ka gan su a gefen fiffikenka ka bi abin da suka ce, ka amsa a mitar rediyo ta gaggawa 121.5. Sun zo ne su ga abin da ke faruwa da idonsu su kuma tabbatar jirgin yana hannun matuƙansa.

Akwai kuma batun shari'a, wanda ya fi shafar fasinja mai fitina. A tsohon tsarin Tokyo ƙasar da aka yi wa jirgin rajista ita ke da hurumin hukunta laifin da aka yi a cikinsa, sai ya zama ka sauke mutum a wata ƙasa 'yan sanda su ce ba su da ikon gurfanar da shi su sake shi. Yarjejeniyar Montreal ta 2014, da ta fara aiki a Janairun 2020, ta ba ƙasar da aka sauka hurumi, amma ba kowace ƙasa ce ta shiga ba, don haka ofishin kamfani yakan duba wannan kafin ya ba ka shawara. Filin Bangor a jihar Maine ta Amurka ya yi suna a wannan, tsohon sansanin sojan sama ne mai titi kusan mita 3,500, yana daga cikin manyan filayen farko da jirgin da ya taso daga Turai zai tarar, ga jami'an tarayya a kusa. Shi kuwa mutumin nan da ya ɓoye bam a takalmi a Disamban 2001, a jirgin da ya taso daga Faris zai je Miami, bayan ma'aikata da fasinjoji sun danne shi Boston aka kai jirgin. Haka nan za ka duba siyasa, akwai ƙasar da jirginka ba shi da izinin shiga, akwai wadda ake yaƙi a cikinta, akwai wadda in ka sauka takunkumi zai hana a kawo maka kayan gyara, akwai fasinjan da saukarsa a wata ƙasar haɗari ne ga rayuwarsa.

Wannan na ƙarshen ya kawo ni kan abin da ya fi damuna a duk harkar, wato daga ina labarin ya fito. Ranar 23 ga Mayun 2021 jirgin Ryanair ya taso daga Atens ta Girka zai je Vilnius ta Lituweniya, yana cikin samaniyar Belarus ya kusa fita, sai masu kula da zirga-zirga na ƙasar suka ce wa matuƙan akwai bam a jirgin kuma a saman Vilnius zai tashi, suka ba su shawarar su juya Minsk, babban birnin Belarus, alhali Vilnius ta fi kusa nesa ba kusa ba. Matuƙan sun yi tambayoyi, daga ina saƙon ya zo, wa ya ba da shawarar Minsk, sun nemi su ji daga kamfaninsu abin bai yiwu ba, aka ce musu matakin barazanar ja ne, suka juya. Da suka sauka babu bam, aka kama ɗan jarida mai adawa da gwamnati Roman Protasevich da budurwarsa. Binciken ICAO daga baya ya tabbatar barazanar ƙarya ce da aka shirya da gangan. Ni ban ga laifin matuƙan nan ba ko kaɗan, duk tsarin jiragen sama an gina shi ne a kan cewa muryar da ke rediyo gaskiya take gaya maka, wanda ya karya wannan amanar ya cuci kowane matuƙi da kowane fasinja a duniya. Amma darasin aiki da ya fito shi ne, in shawarar da aka ba ka ta saɓa wa lissafinka, ka nemi tabbaci ta hanya ta biyu muddin akwai lokaci, kamfani kuma ya tabbatar matuƙansa na da hanyar samunsa kai tsaye a ko'ina suke.

In fashi ne na gaske kuma maharan sun samu iko, zaɓin ya fita daga hannunka, abin da ya rage shi ne ka yi ta ƙoƙarin fahimtar da su maganar mai. A Nuwamban 1996 mutum uku suka ƙwace jirgin Ethiopian Airlines bayan ya tashi daga Adis Ababa suka ce sai Ostireliya, kyaftin Leul Abate ya gaya musu man ba zai kai ko kusa ba suka ƙi yarda, ya yi ta bin gaɓar Afirka yana neman inda zai sauka har man ya ƙare a kusa da tsibiran Komoros ya sauka a ruwa, mutum 125 cikin 175 suka rasu.

Sai abin da ke zuwa a ƙarshen lissafi, kuma daidai ne ya zo a ƙarshe, wato wahalar bayan sauka da kuɗi. Kamfani zai fi son filin da yake da ma'aikatansa da injiniyoyi da otal, in filaye biyu sun yi kunnen doki a tsaro to wannan ne zai raba gardama, amma ba a yarda ya sha gaban tsaro ba. A Oktoban 2024 lokacin da aka yi ta aika wa jiragen Indiya barazanar ƙarya ta intanet, jirgin Air India da ya taso daga Delhi zai je Shikago ya sauka a Iqaluit, wani ƙaramin gari can arewacin Kanada mai tsananin sanyi, titin ya ɗauki jirgin lafiya lau amma garin ba shi da masaukin mutum sama da 200, ma'aikatan jirgin kuma awannin aikinsu da doka ta yarda sun ƙare, ƙarshe jirgin sojan saman Kanada ne ya kwashe su zuwa Shikago. Haka jirgin Air France da ya taso daga Murishiyos zai je Faris a Disamban 2015, aka ga wani abu a bayi, suka sauka Mombasa ta Kenya da dare aka fitar da mutum 473, da aka duba ashe kwali ne da takarda da agogon kicin aka haɗa ya yi kama da bam. Mutum zai iya cewa an yi asarar banza, amma a sama ba wanda zai buɗe abin ya gani, da abin da suka sani a lokacin suka yi aiki.

Da ka yanke shawara sai ka faɗa wa kowa a taƙaice. Masu rada ka ba su filin da adadin rayukan da ke jirgin da man da ya rage da ko akwai kaya masu haɗari a ɗakin kaya. Shugabar ma'aikata ka gaya mata menene matsalar, me za ka yi, minti nawa ya rage, da ko ta matakala za a fita ko sulalowa za a yi. Fasinjoji kuma sau da yawa ba za a ce musu bam ba, za a ce akwai dalilin da ya sa dole mu sauka a wuri kaza, saboda firgici a cikin jirgi shi kansa haɗari ne, kuma mai yiwuwa wanda ya rubuta takardar yana saurare.

Kai kuma in ka tsinci kanka fasinja a irin wannan, ka ga ɗan jirgin da ke allon kujerarka ya lanƙwasa ya bar hanya, zauna ka ɗaura bel, ka ƙirga layin kujeru nawa ne tsakaninka da ƙofa mafi kusa gaba da baya, ka sa takalminka, fasfo da waya da maganin da kake sha su kasance a aljihunka tun kafin a sauka. In an ce a fita, bar jakarka, an gwada jiragen nan ne a kan kowa ya fice cikin daƙiƙa 90 da rabin ƙofofi, mutum ɗaya da ya tsaya buɗe ma'ajiyar sama ya tare duk na bayansa. In a ruwa ne kar ka hura rigar ceton da ke hana nutsewa sai ka kai bakin ƙofa, a jirgin Komoros ɗin nan da yawa sun hura tun suna ciki ruwa ya tokare su da rufin jirgin suka kasa fita. Bayan an sauka kuma kar ka yi mamaki in jirgin ya wuce ginin fasinjoji ya je can ƙarshen fili ya tsaya, za a kwashe ku a bas zuwa wani ɗaki na daban, a sake binciken kowa, wani lokacin a ɗauki bayanin kowa ɗaya bayan ɗaya ko a gwada rubutun hannu in takarda aka tsinta, a sauke duka jakunkuna a jera su a ƙasa karnuka su bi ta kansu, sannan a kira ku kowa ya nuna tasa, wadda ba ta da mai ita ita ce masu kwance bam za su fara da ita. Jirgin kansa sai an bincike shi kujera bayan kujera kafin a sake shi, kuma in awannin matuƙan sun ƙare sai an jira wasu sun iso daga wani garin ko su waɗannan ɗin sun samu hutun da doka ta ce.